Kwamfutar da Ta Kwana a Hannun Maitama

Ana gab da magariba Maitama ya zo bakin tasha neman mai kabu-kabu da zai kai shi wani ƙauye a kan hanyar Zurmi. Damina ce, gero ya fi mutum tsayi, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Abokan sana'ata duk suka noƙe, kowa ya ce mai ya ƙare masa. Ni kuwa na tashi babur na matso gabansa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara jakarsa ya hau. Bai ma gane ni ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Maitama shago gare shi a Kaura Namoda, yana saye da sayar da laftof na hannu, a shekarun da ɗaliban Foli, babbar makarantar garin, suka fara yayinta. Ka kawo tsohuwa ka yi ciko, ya ba ka wadda ta fi ta. Gemu ya sha gyara, carbi a hannu, tun da aka ƙaddamar da shari'a wandonsa bai sake taɓa idon sawu ba. Amma duk wanda ya kai masa kwamfuta a yi mata kuɗi, magana ɗaya zai ji, wai a bar ta ta kwana ya duba. A wannan kwanan ne zai kwance ta, ya kwashe duk abin da ke da amfani a ciki, ya cusa matattu ya ɗaure. Da safe ya kunna a gabanka ta ƙi tashi, ya girgiza kai ya ce ai gawa ka kawo, sai dai ya taimaka ya karɓa a farashin gwangwan.

Haka ya yi wa ƙanwata Saliha. Tumakin Inna aka sayar aka saya mata laftof, marfin ya tsage, ta kai masa don ta ji ko za a yi musaya. Kwamfutar ta kwana, ta wayi gari gawa. Saliha ta ƙi sayarwa, ta kai wa Tunde mai gyara, shi kuma da ya buɗe ya ce faifan ajiyar da ke ciki ba nata ba ne. Faifan da aka cire shi ke riƙe duk abin da aka rubuta a kwamfuta, kuma a cikinsa aikin kammala karatunta yake, wanda ta shekara tana yi. Baba ya kai ƙara. Babu shaida, sai alƙali ya ba Maitama rantsuwa. Ina tsaye a baya ya yi alwala, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

In Saliha ba ta miƙa aikin nan kafin wata ya ƙare ba sai ta maimaita shekara, Baba kuwa ya riga ya ce babu hali. Ta daina cin abinci. Shi ya sa tun ranar rantsuwar nake yawo da kebur a ƙarƙashin kujerar babur. Niyyata in kai shi inda ba mai jin ihunsa, in tambaye shi faifan da harshen da zai gane.

Muka bar gari. Iska ta fara kaɗawa da warin ƙasa mai jiran ruwa. Kwaɗi na ta kuka a cikin fadama, shi kuma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Wata tsohuwa ta," in ji shi, yana magana a bayan kunnena. "Ran kasuwa tak kawo min wata laftof baƙa, ko sunan kamfani babu jikinta. Laftof ɗin tak kwana gare ni, da sahe tsohuwar tak karɓi abinta, tac ce akwai sauran irinta, in zo gida da magariba mu ƙarasa ciniki. Irin waɗanga ba su san darajar abin da ag gare su ba."

Na ce masa to. Idona na kan gefen hanya ina neman wurin tsayawa.

"Karya nan, wajen markenga."

Na karya. Hanyar Zurmi na san ta kamar tsakar gidanmu, kuma ban taɓa ganin wata 'yar turba a gindin marken nan ba. Amma ga ta, siririya, ta ratsa cikin gero. Na ce a raina, shi da kansa ya zaɓi wurin.

Ganyen gero na marin gwiwoyina. Muka yi ta shiga. Can sai na lura kwaɗin sun yi shiru, dukansu, lokaci ɗaya. Gyare ma babu. Lokacin kiran salla ya yi, kuma a damina iska kan ɗauko kiran daga ƙauyuka, amma ban ji ko ɗaya ba. Wani wari ya taso, irin na waya in ta ƙone.

Fitilar babur ta yi ja, ta dusashe. Injin ya mutu da kansa.

Na sa hannu ƙarƙashin kujera, na taɓo kebur. Kafin in jawo, wata murya ta ce daga gabanmu, a hankali:

"Kun iso?"

Ɗaki ne guda na ciyawa, da dangar zana, a tsakiyar gonar. Ruwa ya sauko, ina jin sa yana dukan gero ta ko'ina, amma ko ɗigo bai faɗo cikin dangar ba. Wata tsohuwa na zaune a kan tabarma, lulluɓe da baƙin zane. Laftof ɗin na kan cinyarta, a rufe.

Maitama ya tuɓe takalmi da fara'arsa ta ciniki.

"Gwaggo, ina wuni? Ga mu mun zo. Ina sauran?"

"Zamna," in ji ta.

Ya zauna. Ni na tsaya daga bakin danga, riƙe da babur.

Ta shafa marfin kwamfutar. A nan na ga yatsunta. Sun yi tsayi fiye da kima, kuma kowane yatsa yana lanƙwasa a wurin da na mutane ba ya lanƙwasawa.

Daga cikin kwamfutar wani abu yana numfashi. Gajeren numfashi, irin na yaron da ya gaji da kuka.

"Jikata ta ka kwana ciki," in ji tsohuwar. "Ɗumi takan so. Ta girma, wurin ya yi mata kaɗan, nic ce bari in kai a yi min musaya da babba. Nic ce ka yi mata kuɗi. Nic ce ka buɗe?"

Maitama ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba.

"Gwaggo, wallahi ban taɓa cikinta ba. Yadda kika kawo ta..."

Ta ɗaga marfin.

Allon bai kawo haske ba. Amma a bayan gilashin akwai fuska, ƙarama, manne da shi daga ciki. Ido ɗaya na kallonmu. Inda ɗayan ya kamata ya kasance, rami ne.

"Sukundirebanka na," in ji ta. "Tana kwana kas soka."

Maitama ya yunƙura zai tashi. Ƙafafunsa suka ƙi. Na ga yana dukan cinyarsa da hannu, carbin ya tsinke, 'ya'yan suka watse a kan tabarma ba tare da wata ƙara ba.

Tsohuwar ta ajiye kwamfutar ta miƙe. Ta yi ta miƙewa har kanta ya wuce tsinin ɗakin. Ta zagaya shi. Ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa da yatsa, ta saurara. Ta ɗaga leɓensa ta dubi haƙora. Ta buɗe masa ido.

"Jiki da kyau," ta ce. "Da faɗi, da ɗumi. Cikin na yar ruɓe."

Sai ta juyo gare ni.

"Kai mai babur. Warin hushi nika ji gare ka tun daga bakin hanya. Mi yac cire maku?"

Da ƙyar na ce, "Faifan ƙanwata."

Ko duban jakarsa ba ta yi ba. Ta zura hannu, ƙarafa suka yi ƙara, ta fito da shi. Ta kai shi kunne ta girgiza.

"Aikinta na nan. Akwai ma sauran wuri." Ta yi murmushi. "Daidai. Abin da zan hidda, ban da wurin aje shi."

Maitama ya juyo da kai wajena. Hawaye da majina sun haɗe a gemun nan mai gyara.

"Mai babur," ya ce da raɗa. "Don Allah. Ɗauke ni."

Tsoro ya kama ni. Amma wallahi a ƙarƙashin tsoron wani sanyi na ji, mai daɗi.

"Sunana Faruku," na ce. "Wan Saliha."

Na ga yana lalube a kansa. Ko sunan bai tuna ba.

Tsohuwar ta kama haɓarsa, ta danna faifan a bakinsa. Ta ɗora ɗayan hannun a ƙirjinsa, yatsun suka shige ta cikin riga kamar cikin kunu.

Ta fara murɗawa.

Ƙiris. Ƙiris. Ƙiris. Ƙarar noti in ana kwance shi.

Bai yi ihu ba. Wani dogon numfashi ne ya fita daga gare shi, ya yi ta fita, faifan na zuƙewa. Idanunsa suka tsaya.

Ta miƙo mini faifan. Da ɗumi. Yana bugawa a tafina.

"Tahi. Bar shi ya kwana in duba."

Na cusa shi a aljihu, na juya babur.

Sai wata 'yar murya ta fito daga cikin kwamfutar, siririya, mai shagwaɓa.

"Kaka, wancan nika so."

Yatsu suka naɗe wuyan hannuna. Sanyinsu ya shige har ƙashi.

"Wanga?" in ji tsohuwar. Numfashinta na kan wuyana, warin ƙonanniyar waya. "Shi ma jikinai da kyau."

Ta ƙwanƙwasa bayana. Sau ɗaya.

Na buɗe baki, Ayatul Kursiyyu ta ƙi zuwa. Bisimilla kaɗai ta fito, na yi ta maimaita ta.

"Ƙarami na," ta ce can. "Wancan ya hi faɗi."

Yatsun suka saki.

Na tura babur cikin gero. Ban tsaya tayar da shi ba. Ganye na yanka fuskata, ruwa na duka na, a bayana 'yar muryar nan na kuka tana cewa ita wancan take so. Sai kukan ya tsaya. Sai na ji dariya.

Da muryar Maitama aka yi ta.

Ban san yadda na kai bakin kwalta ba. Ina taka ta kwaɗi suka dawo da kuka, daga nesa kuma wani ladan yana ƙarasa kiran magariba. Na taka babur ya tashi bugu ɗaya.

Washegari manoma suka tsinci Maitama zaune a gindin marke, babu ɗaki babu danga, babu ko turba. Jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Sai dai idonsa na hagu ya rufe bai sake buɗewa ba. Yanzu kullum yana ƙofar gidansu inda rana ta fi zafi, yana wasa da ƙasa, in an ba shi alewa ya yi dariya ya ɓoye fuska. Bai san matarsa ba. 'Yan'uwansa sun kai shi wajen malamai har Shinkafi, an yi ruƙiyya an gaji. Da aka tambaye ni, na ce a bakin hanya ya ce in sauke shi.

Tunde ya mayar da faifan cikin laftof ɗin Saliha, ta tashi. Aikinta na nan cif, ko harafi bai ɓace ba. Ta buga shi ta miƙa a kan lokaci, yau ma'aikaciya ce a Gusau. Amma tun ranar da ta zauna da kwamfutar har magariba ta riske ta, ta kawo mini ita ɗakina ta ajiye, ta ce ba ta ƙara taɓa ta. Ban tambaye ta dalili ba, don na riga na ji da kunnena. In rana ta faɗi, wata murya kan fito daga ciki, ƙasa ƙasa, tana roƙon a buɗe ta, tana rantsuwa ba za ta sake ba. Yanzu Maitama ya san sunana, ya san na Saliha, yana kiran su daidai.

Na san da zan ɗauki faifan nan in kai wa malaman da ke fama da gangar jikinsa, wataƙila su san abin yi. Na sha tunanin haka, ban ji ko ɗigon tausayi ba. Kwamfutar ta tsufa, batir na biyu ke ciki, amma ban taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Tunde ya ce irinta ba ta da sauran daraja a kasuwa, in kawo ya ba ni wadda ta fi ta ba tare da ciko ba, don zumunci. Na ce masa ba ta musaya ba ce. Jiya ma da na dawo daga masallaci na kunna ta, na jawo kujera na zauna, na ƙara murya.