Ruwa a Gindin Katanga

Shekaru kaɗan kafin Nasara su iso Damagaram, bincike a garin Waca yana hannun Maina, Sarkin Dogarai. Da yau ne, da sufeto za a ce masa.

Da hantsi aka kawo masa labari: katanga ta faɗo wa Isufu bafatake, ko shurawa bai yi ba.

Maina ya san gidan. Tsohon gida ne na ɗakunan ciyawa. Iyali sun yi wa Isufu yawa, sai ya ɗauko magini a faɗaɗa masa: a yi soro da rufin azara irin wanda ya gani a Kano, mai taga, da ɗaki na musamman ga mahaifiyarsa, Tata.

Bayan jana'iza Maina ya durƙusa inda katangar ta karye. Tsakiyar bazara ce, ƙasa kamar dutse, amma gindin ginin a jiƙe yake jagab. Ya zagaya ta waje, ya taɓa. A bushe. Ta cikin gida kaɗai ta jiƙe.

Ya sa aka kira magini, Gaji.

"Ka bar tubalin ya bushe?"

"Ƙarau, ranka ya daɗe."

"Da kake haƙa harsashi, ba ka ga komai ba?"

"Ƙasa kawai."

"To me ya sa harsashin ya karkace a nan? Kai da ake yabon layinka har Dungas?"

Gaji ya share goshi. "Ƙasusuwa na tarar. Ƙanana, na jarirai. Na so in kauce, marigayi ya ce ba wuri, in mayar da su in ci gaba, kada Iya ta ji. Garin kauce musu layin ya ɗan karkace."

"Ta ji?"

"Tana zaune a inuwa tana kaɗi. Ba ta ɗago ba."

Matar marigayin, Huraira, tana ɗaki cikin takaba. Maina ya tsaya a bayan asabari.

"Allah ya ba ki haƙuri. Wa ke zuba ruwa a bayan sabon ginin?"

"Ba kowa. Randarmu ce ke yoyo."

Maina ya je ya karkata randar, ya shafa gindinta. Babu tsaga, ƙasan kuma a bushe. Ya dawo.

"Randar lafiyarta lau. Wa kike karewa?"

 Sai kuka ya ƙwace mata.

"Kullum in cika ta da yamma, in tashi ta yi rabi. Na faɗa wa maigida, ya yi dariya, ya ce awaki ne. Ni ban ga kowa ba, wallahi ban so in gani ba."

Daga randar zuwa katangar Maina ya bi ƙasa da ido. Masu ta'aziyya sun tattake sawu, amma a gefen rumbu, inda ba a bi, akwai ƙananan ramuka a jere, irin na bakin sanda. Mutum ɗaya ke dogara sanda a gidan.

Ya sami Tata a tsohon ɗakinta, ta juya fuska bango.

"Iya, sannu da haƙuri."

"Sannu, ɗan nan."

"Kina zuwa wajen ginin?"

"Ni da ko tashi sai an kama ni? Ina na ga ƙarfin ɗaukar tulu?"

"Ban ce tulu ba, Iya. Ban ma ce ruwa ba."

 Tsohuwa ta juyo.

"Da moɗa nake ɗiba. Kaɗan kaɗan."

"Don me?"

"'Ya'yana ne a wurin. Mariyama, da Ƙande, da wanda bai kai suna ba. Da hannunsa ubansu ya rufe su a gindin danga. Autana Isufu kaɗai Allah ya bar mini, bai ma san su ba. Na ga magini ya ɗago su a bakin fartanya ya mayar, aka ɗora musu gini."

"Me ya hana ki yi masa magana?"

"Kullum sai ya zo yana murna, 'Iya, ga inda tagarki za ta kasance, kin rabu da yoyo.' Da wane bakin zan ce ba na so? Na ce in ta tsage, za a ce wurin ba ya karɓar gini, a matsa gaba. Tsagewa kawai na nema. Ban san yau zai hau ɗora azara da kansa ba."

Maina ya sunkuyar da kai. Wani dogari da ya rako shi ya kwance igiya daga kafaɗa. Maina ya girgiza masa kai.

"Iya, dole mu je gaban alƙali."

"Mu je. Kuma ka ce masa kada ya ji tausayina. Na tsaya gadin waɗanda suka tafi, na rasa wanda ya zauna."

Ta nemi miƙewa, ta kasa. Sai ga Huraira ta fito daga ɗakin takaba, idanu jawur.  Ta kama surukarta ta ɗaga, ta gyara mata mayafi, ta raka ta har zaure.

Daga nan Maina ya karɓi hannun tsohuwar. Suka bi ta tsakiyar masu zaman makoki a hankali, yana rage tafiyarsa daidai da tata.