Wuyan Uwaisu

"Kin yanka wuyan ɗana ko ba ki yanka ba?"

Inna Kubura, mahaifiyar Uwaisu, ta dangwarar da ƙwaryar a gabana, ko sallama babu. A bayanta ga Safara'u, 'yar ƙaninta, ta toshe baki da mayafi wai ita kuka take. Kukan munafunci! Ita da ta daɗe tana son Uwaisu ya aure ta.

Na dubi ƙwaryar. Aikina ne. Uwaisu ne na zana a jikinta, yana zaune yara sun kewaye shi, ga wani siririn layi ya ratsa wuyansa.

"Inna, ki zauna in yi miki bayani..."

"Kada ki sake ce mini Inna, mayya! Tun da wannan abin ya shiga ɗakinsa zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba don Safara'u ta gano ba, da yanzu ana zaman makoki!"

Ni Zinariya, zanen ƙwarya na gada a wurin Baffa, mahaifina. Da ƙarfe mai zafi muke yi. Wasu ado kawai suke jerawa, ni kuwa abin da nake gani a kan duwatsun garinmu nake zanawa: biri ya saci gyaɗa, ƙadangare yana gyaɗa kai, kura ta sha duka. Kana juya ƙwaryar, tatsuniyar tana tafiya.

Shekarar da Nasara suka buɗe elementare a Dutse, Uwaisu ne malamin ƙananan yara. Yaran sun ƙi boko ƙememe, sai da ya fara kai musu ƙorena yana rubuta sunan kowace dabba a ƙarƙashinta. Daga sayen ƙwarya muka koma hira, daga hira har aka kai gaisuwa. Wallahi ina son sa, ban taɓa ɓoyewa ba.

Amma Baffa yana da doka guda. Duk mai rai da na zana sai na ratsa masa layi a wuya, don kada surar ta cika, ranar Lahira a ce in busa mata rai in kasa. Birin ma da layinsa. Hannuna ya saba, shi ya sa na yi wa Uwaisu ban ko yi tunani ba.

Duk na faɗa wa Inna Kubura wannan. Ta taɓe baki.

"Au, da biri kika haɗa mini ɗa?"

Safara'u ta matso. "Gwaggo, in gaskiya take, ta sake zana Yaya Uwaisu mana, da wuyansa cikakke. In ta ƙi, ai kin san abin da ta ƙulla."

Kai, Safara'u! Ta san dokar gidanmu sarai. Tare muka tashi.

Baffa ya fito daga ɗaki. "Babu mai tura mini 'ya wuta saboda aure! Ku riƙe ɗanku!"

"Mun riƙe!" in ji Inna Kubura. "Gobe da hantsi, a zaurenku. Ta zana, ko a fasa auren."

Kafin la'asar garin Dutse ya ɗauka. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce. Wata ma ta fasa ƙwaryar da ta saya a ƙofar gidanmu.

Da hantsi zaure ya cika. Aka riƙo Uwaisu, ya rame, idonsa ya faɗa. Na jira ya yi magana. Shi da ya san kowane layi a kan kowace dabba ta ajinsa!

Sai ya sunkuyar da kansa ƙasa.

"Malam, ba ka da abin cewa?"

"Zinariyata... mahaifiyata ce."

"Ni kuma Lahirata ce!"

Bai ɗago ba. Raina ya ɓaci har ɗaci nake ji a bakina, amma da na tuna gobe Safara'u ce za ta dama masa kunu, sai na jawo kaskon garwashi.

"Zinariya!" Baffa ya daka mini tsawa.

"Ka yafe mini, Baffa."

Ya juya mini baya yana salati.

Na sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Na zana hularsa. Na zana hancin nan da nake tsokanarsa da shi. Hayaƙin ƙwarya yana shiga idona, hawaye yana ɗiga a hannuna. Na sauko kan wuya, na bar shi sumul, na mayar da ƙarfen cikin garwashi.

"Ga ɗanki nan, Inna. Cikakke. Zunubin kuma nawa ne, sai ku kwana lafiya."

Fuskar Safara'u ta canza. Ba ta zaci zan yi ba.

Inna Kubura ta miƙo hannu, amma Uwaisu ya riga ta. Ya ɗauke ƙwaryar. Ya zaro ƙarfen daga wuta, ko tsumman riƙewa bai nema ba, ya ɗora a kan wuyan zanen ya ja layi tun daga wannan gefe har wancan.

Zaure ya ɗauki salati.

"Uwaisu! Me ka yi?"

"Ni na yanka, Inna. Da hannuna, a gaban kowa." Ya ajiye ƙarfen. "In layin nan kisa yake, to ni na kashe kaina, kada a nemi kowa. Amma ba za a tsayar da Zinariya ranar Lahira saboda ni ba."

Inna Kubura ta daɗe tana kallon tafin hannunsa da ya sale. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, bakinta yana motsi.

"Ke!" ta ce da ni a fusace. "Tsayawa za ki yi kina kallo? Kawo ruwan sanyi mana, hannun mijinki yana ƙuna!"