Rantsuwar Alhaji da Digirin Mikail

A laburaren jami'a Sa'ida ta fara ganin Mikail, ya tasa kwamfuta a gaba yana ta yi mata faɗa. Dariya ta ƙwace mata.

"Malama, ba abin dariya ba ne," in ji shi. "Yarjejeniya nake koya wa cika alkawari."

Shekararsa uku a kan wannan bincike na digirin dakta. Yarjejeniya ce da ake rubutawa a blockchain, wato kundin intanet da ba a goge abin da ya shiga, ta riƙa tambayar shafukan intanet ko kaya sun iso, in sun iso ta zartar da kanta, babu mai murɗe ta. Sa'ida ko rabi ba ta gane ba, amma mai bayanin ya kwanta mata a rai. Kafin wata biyu ba ta iya wuni ba saƙonsa.

Sa'ina yake kiranta. "Sa'ina, yau aikin ya tashi! Ke na fara faɗa wa."

Da magana ta yi ƙarfi, baffanninta suka je unguwarsu Mikail, Ƙofar Na'isa, jin halinsa. Maƙwabta, Allah ya shirye su, suka ce ai ɗan mainin ne, irin samarin nan masu dangwalar waya suna jiran kuɗin iska. Mahaifinta Alhaji Ɗayyabu bai tsaya tambaya ba. A ƙofar masallacinsu na Soron Ɗinki, gaban jama'a, ya rantse ba zai ba mai wannan harka 'yarsa ba.

Malamin Mikail ya tako har soro da takardu, ya yi bayani. Alhaji ya gane sarai, amma ya ce bakin alƙalami ya bushe.

Sa'ida ta durƙusa gabansa. "Baba, ai akwai kaffara. Mutum goma kawai za ka ciyar."

"Gari ya ce yarinya ta juya ni? Yaron ya bar harkar in ba shi ke, ga rumfa a kasuwar Wambai na ba shi."

Saura wata huɗu Mikail ya kare aikinsa a gaban malamai. Ranar Talata saƙo ya shigo.

"Sa'ina, na miƙa wa abokin karatuna Ɗalha komai, dama ya daɗe yana hangensa. Kada ki yi kuka, ke na zaɓa."

Ta yi kukan kuwa, har idanunta suka kumbura. "Masoyina, ka yafe mana," shi ne abin da ta iya rubutawa.

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Alhaji ya kayar da shanu biyu, layi ya cika maƙil, wanda aka gayyata da wanda ya ji ƙamshi kowa ya ci ya ƙoshi. Da yamma aka kai amarya gabansa sallama, ga ango durƙushe a gefe, kansa a ƙasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari," in ji Alhaji.

Suka ce amin. Alhaji ya gyara zama, fuska fal annuri.

"Kin ga taron nan, Sa'ida? Mutum fiye da ɗari biyar na ciyar yau."