Allurar Gado Na Tara

"Ba zan sa hannu a kan wannan allurar ba, Dakta Nawaf."

Zagayen duba marasa lafiya na safe ya tsaya cak a gaban gado na tara. Babban likita ya ɗago kai, ɗalibai suka shiga kallon ƙasa.

Nawaf ya yi murmushin yaƙe. "Rahaf... me kika ce?"

"Ƙodar dattijon nan ta yi rauni tun jiya, ga gwajin jininsa. In aka yi masa yadda ka rubuta, sai dai a wuce da shi wankin ƙoda."

Ta miƙa takardar gwajin da ke hannunta.

Babban likitan ya karɓa ya duba. "Ta yi gaskiya. A rage rabi."

Aka wuce gado na goma.

Rahaf tana shekararta ta biyu a horon ƙwarewa na masana magunguna. Aikinta shi ne bin likitoci gado-gado, tana auna abin da jikin kowane majinyaci zai iya ɗauka. Daga garin Abha na kudancin Saudiyya ta zo, kuma duk faɗin Riyad mutum ɗaya take da shi: wannan da ta gyara wa kuskure a gaban jama'a. Saura wata biyu ya kai iyayensa gidansu neman aurenta.

A bakin matakala ya tare ta.

"Da kin ja ni gefe, Rahaf!"

"Nas na tsaye da sirinji a hannu, ruhina. Yaushe zan ja ka gefe?"

"Kar ki ce min ruhina yau."

Ta ɗauka fushin kwana ɗaya ne.

Bayan kwana uku sai ga takardar ƙorafi a kansa ta isa kwamitin asibiti, ba sunan wanda ya rubuta. Abir, abokiyar horonta kuma ɗiyar aminiyar mahaifiyarsa, ta dafa kafaɗarta tana girgiza kai.

"Kai, Rahaf, ke ma dai! Ai abin da kika yi masa ran nan ya isa."

Kafin la'asar mahaifiyar Nawaf ta kira.

"Khala, wallahi ba ni na rubuta ba..."

"Tun ba a ɗaura ba kin tsinka shi a bainar jama'a, in an ɗaura fa? Riƙe iliminki, 'yata. Mu ma za mu riƙe ɗanmu."

Ƙit, ta kashe.

Nawaf bai kira ba. Ranar ma, washegari ma.

Haka watanni suka ja. Ta koma cin shinkafarta ta kabsa a ƙaramin ofishi, tsakanin kwalayen magani da ƙugin firij. In sun haɗu a zagaye sai ya ce, "Mene ne shawarar sashen magunguna?" idonsa na kan fayil. Ta amsa, ya rubuta, kowa ya kama gabansa. Juma'a ta fi komai yi mata tsawo. Ta dafa gahawa, ta zauna a bakin taga har ta huce a kofin, ta rubuta masa saƙo ta goge.

"Muryarki fa?" in ji mahaifiyarta a waya.

"Mura ce, Yumma."

"Mura a zafin Riyad? Ki gama ki dawo min, kin ji?"

Ranar da aka ba su takardar kammalawa, tana kwashe littattafanta ta ji an yi sallama. Nawaf ne, ya rame sosai.

"Abir ce ta rubuta," ya ce. "Jiya ta faɗa da bakinta, muna cikin cacar baki. Na faɗa wa Yumma na fasa maganar auren da ta haɗa ni da ita. Rahaf... ki yafe min, hasken idona."

Wata bakwai tana jiran wannan kalmar. 

"Na yafe."

"Alhamdulillah! To zan zo Abha, ni da..."

"Kada ka zo."

"Rahaf!"

"Ni ko ƙwaya ɗaya zan ba mutum sai na tambaye shi abin da ke damunsa. Kai wata bakwai, Nawaf, kullum muna tsaye a gaban gado ɗaya, ko sau ɗaya ba ka ce min 'ke ce kika rubuta?' ba."



"Har yanzu ina sonka," ta ce, hawaye na zubo mata. "Shi ya sa nake roƙonka ka fita kafin in canza magana."

 Ya juya ya ja ƙofar a hankali.

Da azahar washegari jirginta ya sauka a Abha, hazo ya lulluɓe duwatsu. Mahaifinta na tsaye a bakin fita, ya sha farar doguwar rigarsa ta zuwa biki.

"Ina takardar? Ba ni in gani!"

"Ga ta, Yuba."

Ya riƙe ta da hannu biyu, ya karanta sunan har sau biyu, ya sumbaci goshin 'yarsa.

Rahaf ta kifa kai a kafaɗarsa ta fashe da kuka. Ya shiga bubbuga bayanta yana dariya, yana faɗa wa masu wucewa cewa murna ce ta yi mata yawa.

Ba ta gyara masa ba.