Shekara Biyu Muna Kan Harafin B

"Sai an gama littafin! Kullum sai an gama littafin!" Nasiruddeen ya faɗa yana tsaye a zaurensu na Ƙofar Ran. "Amatullah, harafi nawa kuka yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Muna B..."

"Shekara biyu kuna B? Haba rabin raina! Kafin ku kai Z ai furfura ta gama da ni."

Dariya ta so kuɓuce mata, hawaye ya riga ta. Son shi take kamar ranta. Amma a Gombe yake aiki, Baffa kuma, mahaifinta, tsohon malamin Hausa, idonsa ya tafi ya bar shi da ƙamus ɗin da ya ci burin rubutawa. Shi ke faɗa, ita ke rubutawa. Idan ta tafi, wa zai zama hannunsa?

Da hantsi washegari ta zauna a kujerarta ta tsugunno, ta buɗe littafin.

"Rubuta: bege," in ji Baffa. "Shauƙi aro ne daga Larabci. Bege kuwa na yi ta nema ban ga inda muka aro shi ba. Kada ki haɗa shi da kewa. Kewa gurbin wanda ya tafi ce. Bege zuciya ce ta riga ƙafa tafiya wurin wanda take so."

Ta rubuta. Dokar Baffa ce, kalma ba ta wucewa sai da misali.

"Misali fa, Baffa?"

"Rubuta: Amatullah ta shekara biyu tana begen Nasiruddeen, tsohon ubanta ya tare hanya."

Biron ya faɗi daga hannunta.

"Baffa...!"

"Ido na rasa, uwata, ba kunne ba. Duk ranar da yaron nan ya zo, washegari muryarki rawa take. Jiya kuma na ji komai, ai ba ya iya magana a hankali."

Ta durƙusa ta kama ƙafafunsa tana kuka. "Wa zai rubuta maka?"

"Ke mana! Wayar da kike dannawa dare da rana, ba ta kai murya Gombe? Gwaggonki za ta dawo nan da zama, mun gama magana. Ki ce ya turo manyansa."

"Na gode, Baffa... Allah Ya saka maka da Aljanna. Na gode!" Ta rasa wata kalmar, ita da ta shekara biyu cikin kalmomi.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure.

Kwananta uku a Gombe, da hantsi, wayar ta yi ƙara. Nasiruddeen da kansa ya miƙo mata biro da littafin.

"Yau tsallake za mu yi," in ji Baffa, muryarsa a dushe. "Buɗe sabon shafi, ki rubuta: kewa."

Ta rubuta. "Misali fa, Baffa?"



"Ga kujerarki nan kusa da ni, uwata. Na hana kowa ya ɗauke."