Motar da Ba Ta Tashi Sai an Tura

Ana kiran sallar magariba aka sanar da Sufeto Sada cewa an tsinci gawa a bayan wani filin ƙwallo da ke gefen Malumfashi. Bai yi mamaki ba. Duk ranar da baƙi suka zo wasa a filin nan sai an fasa wa wani kai, shi kuwa ya gaji da faɗa wa mutanen da ba sa ji.

Mamacin sunansa Murtala, tela ne daga Gidan Kanya, wani ƙauye kusa da Maska. Ya biyo ƙungiyar ƙauyensu, suka ci 'yan gida ɗaya da nema. A filin nan kuwa cin 'yan gida laifi ne. Alƙalin wasa na busa usur duwatsu suka fara sauka.

Masu tsaron filin ba sa barin motar baƙi ta tsaya a bakin ƙofa. Sai su kora ta wani kwari a bayan katanga, inda hanyar fita hawa ce. A gindin hawan aka sami Murtala kwance.

Kafin Sada ya iso har an kama mutum, Mahadi mai sayar da rake a ƙofar filin.

"Ka yi jifa?" in ji Sada.

"Ni? Ina kan rakena, ranka ya daɗe."

"Mutum uku sun gan ka."

Mahadi ya sunkuyar da kai. "Na jefa sau ɗaya. Gilashin mota na samu. Wallahi ban ga kowa a ƙasa ba."

Da safe likita ya yaye wa Sada mayafin gawar.

"Wannan ba aikin dutse ba ne, Sufeto. Dubi haƙarƙarinsa, dubi ƙugunsa. Abu mai nauyi ne ya bi ta kansa. Kuma bai cika nan take ba, ya ɗan jima da ransa. Da an kawo shi da wuri, da mun gwada."

Sada ya raka gawar har Gidan Kanya, shi da saje ɗaya. Ko zama bai yi ba mai unguwa ya ja shi gefe.

"Yaran nan sun sayi fetur a jarka. Sun ce ana rufe Murtala za su hau babura su nufi gidan mai raken nan. Na yi magana har muryata ta dushe."

Mahadi dai yana tsare a bayan kanta, amma ya bar mata da tsohuwar uwa a gidan da ko ƙofar kirki ba shi da ita. Sada ya buga waya ofis a kai musu tsaro, aka ce za a duba. Ya san ma'anar za a duba. Abin da ya rage masa shi ne ya tono gaskiya kafin a dawo daga maƙabarta.

Ya fara da Zubair, shugaban magoya bayan ƙungiyar, mai saye da sayar da masara.

"Yaya aka yi kuka baro mutum?"

"Sai da muka hau titi muka duba ba mu gan shi ba."

Na biyu ya faɗi haka. Na uku ma haka, ko kalma ɗaya bai sauya ba. Sada ya daɗe a aikin nan, ya san mutanen da suka tsere cikin tsoro ba sa ba da labari iri ɗaya kamar karatun allo.

"Ina motar?" ya tambaya.

Tsohuwar bas ce, an ajiye ta a kan tudu a gindin ɗorawa, an tare tayar da dutse. Gabanta duk ƙura da tarwatsattsen gilashi, bayanta kuwa fes, an wanke har ƙarƙashi. Direban, Malam Buba, dattijo ne mai furfura, kuma kawun mamacin. Shi yake kai su duk wasan waje tun suna yara.

"Malam, wankin rabi ake yi wa mota a garinku?"

"Wani ne ya yi amai a baya."

"To. Tayar min da ita."

Buba ya dube shi, ya dubi motar. Ya shiga ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, ba ta tashi ba.

"Ba ta tashi sai an tura," ya ce a hankali. "Shi ya sa nake ajiye ta a gangare."

"Jiya kuwa a kwari aka sa ka ajiye ta. Wa ya tura ku?"

Dattijon ya ɗora goshi a kan sitiyari. Da ya ɗago, hawaye ya jiƙa masa gemu.

"Su shida suka fara turawa. Hawan ya fi ƙarfinsu, ga duwatsu kamar ruwan sama. Sai suka yi ta faɗowa ciki. Na ɗauka kowa ya shigo. Na ce bari in sake ta ta gangara baya, in tayar da ita da ribas. Ta tashi. Na ji ta taka abu."

"Ka tsaya?"

"Na gan shi a madubi, yana ɗaga hannu." Ya share hawaye. "Suna ta ihu in ja, za a ƙone mu. Na ja. Ɗan ƙanwata ne, Sufeto, a hannuna ya girma."

Sada ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, bai san wanda ya fi yawa ba. Saje ya sa wa Buba ankwa, suka nufi motarsu.

A lokacin ne mutane suka fara dawowa daga maƙabarta. Babura suka jeru a bakin hanya, an ɗaure jarkoki a baya. Sada ya ruga ya tare gaban babur ɗin Zubair.

"Ku dakata. Ba mai rake ba ne, ba ma dutse ba ne. Motarku ce ta taka shi. Ga Malam Buba nan, ya amsa da bakinsa."

Zubair ya dube shi da jajayen idanu, babu ko alamar mamaki a fuskarsa.

"Mun sani, Sufeto. Ai muna ciki."

"To me matar mai rake ta yi muku?"

"Da ba su jefe mu ba, da yanzu yana shagonsa yana ɗinki."

Ya kauce masa ya wuce, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu waɗanda suka yi wa direba ihu jiya.

Sada ya sake kiran ofis, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya shiga mota ya ce wa saje ya taka iya takawa, alhali ya san babura za su yanke ta cikin gonaki su riga su isa. A kujerar baya Malam Buba yana ta kiran sunan Murtala.