Gwaji Ɗari Huɗu, Duk Kore

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto: na'urar ƙarin ruwa ta ɗura wa wani dattijo magani ninki goma a asibiti, ya cika. Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya nufi kamfanin da ya rubuta manhajar na'urar.

Manaja ya tarye shi yana sharce gumi, alhali ofishin sanyi ƙalau. Ya nuna kwamfuta.

"Ranka ya daɗe, gwaji ɗari huɗu aka yi wa manhajar, duk kore, wato sun wuce. Ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su, waccan ta sa hannu."

Waccan ɗin ita ce mai duba gwaje-gwaje, suna kiranta Taurin Kai. Idanunta jajur, don ta san hannunta ake auna wa ankwa.

"Yallaɓai, ni ba na yarda da kore sai na ga ja, alamar gwaji ya kama kuskure," in ji ta. "Duk gwajin da basirar ta rubuto, sai na ɓata manhajar da gangan in ga ko zai kama."

"To ɓata in gani." Sufeto ya kasa zama, sai kai-kawo yake a bayan kujerarta.

Ta ƙara sifili a lissafin magani. Kore. Ta goge lissafin ɗungurungum. Kore dai, abin haushi!

"Wallahi an taɓa su bayan na sa hannu! Bakwai na lissafin magani sun yi ja ranar Talata, na gaya wa Manaja kada a saki manhajar."

"Ƙarya take," Manaja ya yi caraf. "Talata ko kwamfuta ban buɗe ba."

Sufeto ya tsaya cak. "Basirar nan, tana ajiye hirar da aka yi da ita?"

Tana ajiyewa kuwa. Talata, ƙarfe huɗu, daga shafin Manaja: "Gyara bakwai ɗin nan su wuce." Basirar ta amsa: "Za su wuce, amma sun daina duba adadin magani. Ka tabbata?" Ƙarƙashi aka rubuta: "Eh."

Ran Sufeto ya ɓaci sosai.

Manaja ya zube a kujera. "Asibitin sun matsa min. Na ce zan gyara daga baya."

"Na'ura ma sai da ta tambaye ka. Tashi mu je."

Suna bakin ƙofa Taurin Kai ta mayar da lissafin yadda yake, ta maido da bakwai ɗin nata na asali, ta danna. Suka yi ja duka. Ta kifa kai a tebur tana kuka.